Ma'aikacin da ya bar aiki: a goge shi daga kwamfuta ko a adana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akawu ne a sashen kula da ma'aikata na wata ƙaramar hukuma a Jigawa. An kawo mana manhajar bayanan ma'aikata, mun zuba duk sunayen da ke cikin fayilolinmu a ciki. Yanzu jerin ya cika da waɗanda suka yi ritaya, da waɗanda suka rasu, da waɗanda aka mayar wani wuri. Ogana ya ce in share su kafin masu tantancewa su zo, don kada a ce muna da ma'aikatan bogi. In goge su ne, ko da wata hanya?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ƙanena, kada ka goge ko mutum ɗaya. Madalla da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka danna, domin a manhajoji da yawa abin da maɓallin gogewa ya ɗauka ba ya dawowa.

Damuwar oganka tana kan hanya, maganin ne bai dace da ciwon ba. Ma'aikacin bogi shi ne sunan da albashi ke fita dominsa alhali babu mai yin aikin. Amma sunan da ke kwance a rumbun bayanai, an rubuta a gabansa cewa ya yi ritaya ranar kaza bisa takarda mai lamba kaza, kuma ko kwabo ba ya fita da sunansa, wannan tarihin ofis ne, babu mai tuhumarku a kansa. Su kuwa masu tantancewa ba hannu rabbana suke zuwa ba. Suna tafe da jadawalin albashin watannin baya. In suka ga mutum ya karɓi albashi a watan Maris ɗin bara, suka neme shi a kwamfutarku suka tarar babu shi babu dalilinsa, abin da za su fara tambaya shi ne wa ya cire shi, kuma me ake ɓoyewa. Kai da hannunka ke kan kwamfutar, kai za a fara kira, umarnin da aka ba ka da baki kuma ba zai tsaya maka ba a ranar.

Bari in nuna maka abin da ke faruwa a cikin manhajar, don ka iya yi wa oga bayani da bakinka. Abin da kake gani a allo kamar takarda guda, da hoto da suna da ranar haihuwa, a can ciki a warwatse yake. Teburin sunaye daban, na albashin wata-wata daban, haka na ƙarin girma, da na hutu, da na bashi, da na kuɗin fanshon da ake yanka. Abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne lambar ma'aikaci. In ka cire mutum daga teburin sunaye, abin da zai biyo baya ya danganta da yadda aka gina manhajar. Mai inganci za ta ƙi, ta gaya maka akwai bayanan da ke rataye da wannan lambar. Wata za ta yarda, ta kwashe duk abin da ke rataye da shi ta tafi da shi, har da albashin shekaru da ranakun ƙarin girma. Wadda ta fi ɓarna ita ce mai goge sunan ta bar sauran, don ba za ka lura ba a ranar. Sai can gaba odita ya ce a fito masa da jimillar albashin 2022, a ga layukan kuɗi da lamba amma babu mai su, ko a ga lissafin kwamfuta ya saɓa da na bauca, a rasa inda giɓin ya fito.

Abin da ya kamata ka yi shi ne adanawa. Mutumin yana nan da duk tarihinsa, sai dai an sauya matsayinsa daga mai aiki zuwa wanda ya bar aiki. Ba zai ƙara fitowa a jerin yau da kullum ba, ba zai shiga lissafin albashi ba, ba za a ƙidaya shi cikin yawan ma'aikata ba, amma duk ranar da aka neme shi da gangan za a same shi. Kamar hatsi ne da aka kwashe daga tsakar gida aka zuba a rumbu: an sami wurin wucewa, kuma ba a yi asarar ko tiya ɗaya ba. Manyan manhajojin duk sun tanadi wannan. A Odoo, in ka zaɓi adana ma'aikaci, takan tambaye ka dalilin tafiyarsa da ranar, sannan ta ɓoye shi sai an tace jerin da niyyar ganin waɗanda aka adana. A OrangeHRM ana rufe aikin mutum ne da rana da dalili, jerin ma'aikata kuma yana ba ka zaɓi: masu aiki yanzu kaɗai, ko tsofaffi kaɗai, ko duka biyun. Ba ka faɗi sunan taku ba. In irin wadda wani ɗan kwangila ya haɗa muku ce a kan Microsoft Access, ko ma Excel ne kawai, ka sa a ƙara gurabe biyar a gaban kowane suna: matsayi, ranar barin aiki, dalili, lambar takardar da ta ba da izini, da sunan wanda ya shigar da sauyin. Gurbin matsayi kada a bar shi kowa ya rubuta abin da ya ga dama. A yi masa zaɓi ƙayyadadde, in ba haka ba za ka wayi gari wani ya rubuta "ritaya", wani "murabus", wani "ya tafi", kwamfuta ta ɗauke su abu uku mabambanta.

Inda aikin yake da gaske shi ne rarrabe mutanen, domin ba duk wanda ba ya zuwa ofis ne ya bar aiki ba. A nan na fi ganin ana cutar bayin Allah ba da niyya ba.

Wanda ya tafi hutun karatu, da albashi ko babu albashi, ma'aikacinku ne. Wanda aka ba wata hukuma aronsa, naku ne, zai dawo, kuma ƙarin girmansa yana bin ta wurinku. Wanda aka dakatar ana bincikensa, shi ma yana nan, don ba a yanke hukunci ba, kuma a ƙa'idar aikin gwamnati akwai dakatarwar da ake biyan mutum rabin albashi a cikinta. In ka tura shi ma'adana, rabin nan ya tsaya, ka yanke masa hukuncin da kwamitin ladabtarwa bai yanke ba. Haka mai jinya mai tsawo. Duk waɗannan su zauna a jerin masu aiki, a sa musu alamar halin da suke ciki da ranar da za a sake duba lamarinsu. Wanda kuwa ya daina zuwa kawai, aka ce ya tafi Kudu ci-rani bai dawo ba, ba kai za ka kore shi da madannin kwamfuta ba. A tsayar da albashinsa bisa takarda, a bi matakan tuhuma, in takardar kora ta fito sannan ka adana shi.

Masu ritaya ma a yi hattara da su. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Amma a 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai ta malaman makaranta shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Saboda haka in manhajarku tana lissafa ranar ritaya da kanta, a bar ta ta yi muku tuni kawai, kada a ba ta ikon sauya matsayin mutum ita kaɗai. Ku dubi takardar umarnin da jiharku ta fitar a kan rukunin da mutumin yake, ku jira takardar amincewa da ritayarsa. Ka tuna kuma ma'aikacin da ya kai mataki na 07 zuwa sama, Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ce ke da iko da ɗaukarsa da canjinsa da sallamarsa, don haka takardarsu ita ce hujjarka. Ka riƙe wannan da kyau: ba a sauya matsayin kowa sai da takarda mai lamba da rana da sa hannu, kuma a ɗauki hoton takardar a liƙa a bayanansa.

Wanda aka yi wa canji zuwa wata ƙaramar hukuma, nasa mai sauƙi ne. Ka rubuta inda ya koma, ka liƙa takardar canjin da ta shaidar albashinsa na ƙarshe, ka tabbatar ya fita daga jadawalinku a watan da ya shiga nasu, don kada ya ci biyu ko ya rasa duka.

Akwai kuma tsarin da ya kamata a bi, kada a sa na baya a gaba. Takarda ta fara zuwa. Sai a tsayar da albashi, kuma wannan ka je da ƙafarka wurin masu haɗa albashi ka ga an yi, domin a ofisoshi da yawa manhajar ma'aikata daban take da ta biya, adana mutum a wannan ba ya tsayar da kuɗi a waccan. Ta wannan kafar ce ainihin ma'aikatan bogi ke shigowa: sashen ma'aikata ya san mutum ya rasu, sashen kuɗi kuma yana ci gaba da turawa. Daga nan a rufe sunansa na shiga kwamfuta in yana da shi, a karɓi katin shaida da makullai da babur ɗin ofis, a rubuta bashin da ke kansa da wanda yake bi. Sannan a adana.

Ni ina ba da shawarar a raba ma'adanar gida biyu. Gidan farko na waɗanda suka bar aiki amma haƙƙinsu bai fita ba: ba a biya garatuti ba, fansho bai fara ba, ko magada ba su karɓi haƙƙin mamaci ba. Na biyu na waɗanda an gama da su kaf. Gidan farkon nan a riƙa buɗe shi kowane wata ana dubawa, don mutanen cikinsa suna jiran ku ne, wasu a ƙauyukan da kuɗin motar zuwa sakatariya ma sai an sayar da kaza. In aka haɗa su da waɗanda aka gama da su, mantawa ake yi da su, sai wanda yake da ɗan'uwa a ofis.

Sai maganar da nake so ka rubuta ka manna a jikin bango: lambar ma'aikaci ba a sake ba wani ita, har abada. Na taɓa gani da idona a wani ofis. Wata baiwar Allah ta zo da ƙanen mijinta bayan ta fita takaba, takardun marigayin a cikin baƙar leda, an naɗe su da tsohuwar kalanda don kada su yage. Mijin mai gadi ne, ya yi shekaru yana aiki. Akawu ya karɓi katin shaidarsa ya buga lambar, sai ga hoton wani saurayi da aka ɗauka aiki a bara. Ashe da labarin rasuwar ya iso, an goge sunan don jeri ya yi tsaf, lambar ta zama babu mai ita, aka miƙa wa sabon ɗauka. Tsofaffin layukan albashin marigayin kuma suka koma ƙarƙashin sunan yaron, har kwamfuta na nuna ya fara karɓar albashi tun yana firamare. Matar ta tsaya tana kallon allon, ta ce, "Malam, wannan ai ba shi ba ne." Sai da aka shiga sito ana zazzage tsofaffin bauca ɗaya bayan ɗaya kafin a tabbatar da shekarun aikinsa, ita kuma tana ta safa da marwa tsakanin ƙauye da sakatariya da marayu a gida. Wanda ya goge sunan bai ci ko sisi ba, gyara yake ganin ya yi. Ka roƙi wanda ya haɗa muku manhajar ya kulle wannan ƙofar, yadda ko an so a maimaita lamba ba za ta karɓa ba. In kuma tsohon ma'aikaci ya dawo, misali an ɗauke shi kwantiragi bayan ritaya, a farfaɗo da tsohon bayaninsa a buɗe masa sabon zango a ciki, kada a yi masa rajista ta biyu.

Mu a Jigawa muna da wani dalili na musamman. An ƙirƙiri jihar ne ranar 27 ga Agusta 1991 daga tsohuwar Jihar Kano. Wanda aka ɗauka aiki a 1990 ya cika shekara 35 a 2025, ke nan cikin 'yan fanshonku da masu jiran haƙƙi akwai da yawa da takardar ɗaukarsu ta farko ke ɗauke da tambarin Kano. Wasu fayilolin sun sake ƙaura lokacin da aka tsaga sababbin ƙananan hukumomi a 1996. Kowace ƙaura da abin da take zubarwa a hanya. Ga irin waɗannan, sau da yawa abin da kuka shigar a kwamfutar nan shi ne cikakken kwafi ɗaya tilo da ya rage. Hukumar fansho ta adashen gata a Dutse kuwa da hujja take aiki: ranar ɗauka, tabbatarwa a aiki, ƙarin girma na ƙarshe, da abin da aka riƙa yanka. Ko bayan an fara biyan mutum, gyaran lissafi ko ƙarin fansho ko rigimar magada a kotu na iya dawo da maganar bayan shekara goma.

Za ka ce to har yaushe za a yi ta ajiya? Dokar Ƙwadago ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙe bayanan albashi da sharuɗɗan aiki shekara uku bayan lokacin da suka shafa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sa shekara shida ga takardun lissafin kuɗin kamfani. Waɗannan mafi ƙarancin wa'adi ne, kuma sun fi shafar masu zaman kansu, kamar mai injin casar shinkafa ko makarantar kuɗi. Takardun gwamnati kuwa ba akawu ke yanke ranar lalata su ba, ba ma daraktan ma'aikata shi kaɗai ba, sai da rubutaccen izini daga sama. A ganina tarihin aikin mutum, wato ɗauka da ƙarin girma da albashi da ranar fita, a riƙe shi muddin shi ko magadansa na iya neman wani haƙƙi, wannan kuwa ya wuce tsawon rayuwarsa.

Sai dai akwai ɗaya gefen, kuma bai kamata a yi wasa da shi ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ta ce kada a riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsa, kuma wajibi ne a tsare shi. A fayil ɗin tsohon ma'aikaci akwai lambar BVN da NIN, da lambar asusun banki, da sunayen matansa da 'ya'yansa, wani lokaci har da takardun asibiti. Masu damfarar 'yan fansho irin wannan suke nema, su buga wa dattijo waya su karanto masa lambar fayil ɗinsa, su ce ya turo wani abu a fito masa da garatuti. Don haka ma'adana ta fi jerin masu aiki buƙatar kulle. Mutum biyu ko uku kaɗai su iya buɗe ta, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, a daina amfani da kalma ɗaya da duk ofis ya haddace. Abin da aka adana ya zama na karantawa kawai. In gyara ya kama, a sami izini, manhajar kuma ta rubuta wa ya gyara, yaushe, me ke wurin da, me aka mayar. Mafi haɗari shi ne ikon dawo da mutum daga ma'adana zuwa jerin masu aiki, don ta nan ake tayar da matattu su karɓi albashi. Wannan ikon kada ya zauna a hannun mutum ɗaya, ko da kai ne. Abubuwan da amfaninsu ya ƙare bayan an rufe haƙƙi, kamar zanen yatsa na na'urar sa hannu da tsofaffin takardun neman hutun kwana biyu, su ne za a iya ragewa, shi ma bisa rubutacciyar ƙa'ida.

Adanawa a cikin manhaja kuma ba ta tsare ku daga mutuwar kwamfutar kanta. Wuta ta kawo da ƙarfi ta ƙona ta, ko ɓarawo ya ɗauke, ko ruwa ya shigo. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Haɗeja da Auyo da Ringim ya san ba zance ba ne. A riƙe kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani ginin daban, zai fi kyau a wani garin. Kada a dogara da filashin da ke yawo a aljihu ana sa shi a shagon buga takardu. Lokaci-lokaci a gwada buɗe kwafin a wata kwamfutar, don akwai masu ajiyar da sai ranar buƙata suke gano fanko ne. In za ka fitar da bayanai zuwa Excel, ka kula da lambar asusun banki: lamba goma ce, da yawa kuma da sifiri suke farawa, Excel kuwa yakan zubar da sifirin farko in ba a gaya masa gurbin na rubutu ba ne. Haka ranaku, 03/04 na iya juyewa daga 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris. Fayil ɗin takarda shi ma kada a watsar da shi don an sami kwamfuta. A rubuta masa lamba ɗaya da ta kwamfutar, a ɗora shi a kan kanta nesa da ƙasa da jikin bango saboda gara da damshi.

Ga abin da za ka kai wa oga, cikin ladabi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, abin da kake so zai samu ba tare da an goge kowa ba." Ka fitar masa da jerin masu aiki tsaf, wanda yawansa ya yi daidai da jadawalin albashin wannan watan. Ka haɗa da na waɗanda suka bar aiki, kowa da rana da dalili da lambar takarda. Sannan ka ware waɗanda ba su zuwa amma babu takardar komai a kansu, don wannan jerin shi ne ainihin abin da ya kamata ya hana shi barci, kuma gara ku same shi da kanku kafin baƙi su same shi. In duk da haka ya dage sai an goge, ka roƙe shi ya rubuta umarnin a fayil ya sa hannu.

In kuma ka riga ka goge wasu kafin ka aiko tambayar, ka dakata da shigar da sabon abu, ka sanar da oga a rubuce yau, ka kira wanda ya haɗa manhajar ya dawo da su daga kwafin ajiya na ƙarshe. In babu kwafi, a sake gina bayanansu daga fayil ɗin takarda da bauca, kowa da tsohuwar lambarsa, a rubuta a gabansa cewa an sake shigar da shi ranar kaza da dalilin yin hakan. Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon riƙe amana.